Rumbun Bayanai da Haruffa Masu Ƙugiya: Matsalolin da Ɗalibin Harshe Kan Ci Karo da Su da Hanyoyin Magance Su

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa tattara kalmomi domin aikin kundin digiri ya san yadda abin yake farawa. Ana soma shi da littafin rubutu, daga nan a koma takardar Excel, har zuwa ranar da malami zai ce a fito masa da duk sunayen da jam'insu ya ƙare da -una, a jere bisa tsarin abacada. A ranar ne mutum yake gane cewa takarda ta gaza. Haka ta faru da ni lokacin da nake tattara kalmomin sana'o'i daga bakin mahauta da dukawa da maɗinka a unguwar Hausawa ta garin da muke karatu. Wani abokina na sashen kimiyyar kwamfuta ya ba ni shawarar in zuba kalmomin a rumbun bayanai na SQLite, in riƙa yi masa magana da harshen Python. Na bi shawarar, kuma na ci moriyarta, amma sai da na yi asarar aikin yini guda, na kuma kwana ina neman kalmomin da na san da hannuna na shigar da su.

Manufar wannan maƙala ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai matsalolin da aka fi cin karo da su a wannan aiki, da dalilin kowace, da maganinta. Abin da na lura da shi shi ne, kusan rabin matsalolin daga harshe suke tasowa, domin an gina waɗannan kayan aiki ne bisa haruffan Ingilishi 26. Saboda haka ɗalibin harshe ya fi kowa cancantar ya gane su.

Mene ne Rumbun Bayanai, Mene ne Kuma Laburare?

Rumbun bayanai ma'ajiya ce da ake tsara bayanai a cikinta bisa tebura. Kowane tebur yana da layuka da gurabe. A nawa aikin, tebur ɗin sunansa kalmomi, kowane layi kalma ɗaya ce, guraben kuwa su ne kalmar da ajinta da jam'inta da ma'anarta da sana'ar da ake amfani da ita. Ana yi wa rumbun tambaya da wani taƙaitaccen harshe mai suna SQL. SQLite, wanda D. Richard Hipp ya fito da shi a shekarar 2000, ya bambanta da manyan rumbuna irin su MySQL da PostgreSQL ta fuskar cewa duk bayanansa a fayil ɗaya suke. Ba ya buƙatar intanet, kuma kyauta ne.

Laburare a nan ba ɗakin karatu ake nufi ba. Tarin umarnai ne da wasu suka riga suka rubuta domin mai tsara manhaja ya ara ya yi aiki da su. Wanda muke magana a kansa sunansa sqlite3, yana zuwa tare da Python tun fitowa ta 2.5 a shekarar 2006. Aikinsa aikin tafinta ne: ya karɓi tambayar ɗalibi ya kai wa rumbu, ya karɓo amsa ya dawo da ita. Ke nan kalma tana bi ta matakai uku, wato fayil ɗin da aka fara rubuta ta, da umarnin da ɗalibi ya rubuta tare da laburaren, sannan rumbun kansa. Duk wanda yake neman matsala, aikinsa na farko shi ne ya gano a wane mataki ne kalmar ta lalace.

Karanta Saƙon Kafin a Taɓa Komai

Idan aiki ya tsaya, Python yakan zubo layuka da yawa na Turanci. Da farko ni ma rufe su nake yi in sake gwadawa, ko Allah zai sa abin ya gyaru da kansa. Daga baya na koyi cewa layin ƙarshe shi ne mai bayani, na samansa kuma yana nuna lambar layin umarnin da ya jawo tsaikon. Kalmar farko ta layin ƙarshe tana faɗin irin matsalar. OperationalError yana nufin rumbu ya kasa aiwatar da abin da aka sa shi, ko don fayil, ko don kulle, ko don jimlar SQL ba ta ginu daidai ba. IntegrityError yana nufin an karya wata doka da aka gindaya wa tebur. ProgrammingError kuwa yana nufin an yi amfani da laburaren ta hanyar da ba ta dace ba. Sanin wannan rabe-rabe kaɗai yana rage rabin wahala.

Teburin da Ya Ɓace

Saƙon da ya fara tsorata ni shi ne "no such table: kalmomi", wato babu tebur mai wannan suna. Jiya na bar shi cike, yau an ce babu shi. Dalilin shi ne, idan aka ce wa laburare ya buɗe kamus.db, kuma bai tarar da fayil mai wannan suna a foldar da ake aiki a cikinta ba, ba ya ƙorafi. Sai kawai ya ƙirƙiro sabo, fanko. Ni kuwa ranar daga wata folda dabam na tayar da aikin. Da na bincika kwamfutar sai na tarar da fayil biyu masu suna ɗaya, ɗaya mai nauyi, ɗaya babu komai a cikinsa. Maganin shi ne a riƙa rubuta cikakken adireshin fayil tun daga tushe. Wanda yake son ƙarin kariya yana iya buɗewa da file:kamus.db?mode=rw tare da uri=True, domin ta haka laburaren zai ƙi ƙirƙirar sabon fayil, ya sanar cewa bai ga na ainihi ba.

Cinikin da Ba a Sallama Ba

Wannan ita ce ta ci mini aikin yini guda. Na zauna tun hantsi ina shigar da kalmomin dukanci, ina dubawa ina ganinsu a tebur, da yamma na rufe na tafi. Washegari babu ko ɗaya. A kasuwa, komai daɗewar da aka yi ana tayi, ciniki bai faɗa ba sai mai kaya ya ce ya sallama. Haka rumbu yake. Da zarar an ba da umarnin shigarwa ko gyara ko gogewa, laburaren yakan buɗe wani zama na wucin gadi, duk abin da aka yi a cikinsa yana rataye har sai an kira commit, wanda shi ne sallamawar. Idan aka rufe haɗin ba a kira shi ba, sai a watsar da komai. Abin da ke ruɗar mutum shi ne, wanda ya yi shigarwar yana ganin kalmominsa muddin bai rufe ba, alhali babu wanda yake ganinsu sai shi.

An yi wannan tsari ne da hikima, domin idan aiki ya katse a tsakiya, rumbu ya koma yadda yake, kada a sami rabin gyara. Hanya mafi sauƙi ta kauce wa mantuwa ita ce a sa umarnan shigarwa a ƙarƙashin with haɗi: domin shi da kansa yake sallamawa idan an gama lafiya, ya kuma warware idan an sami kuskure. Sai dai a lura, ba ya rufe haɗin. Rufewa aikin ɗalibi ne.

Alamar Hamza da Jimlar da Ta Karye

A nan ne Hausa ta fara nuna halinta. A harshen SQL, ana killace rubutu ne tsakanin waƙafin sama guda biyu, kamar 'tebur'. Wannan alama kuwa ita ce muke rubuta hamza da ita a sana'a da jama'a da ma'ana, ita ce kuma take gaban harafin 'y a 'ya'ya da 'yanci. Idan ɗalibi ya ɗauki kalma ya liƙa ta kai tsaye a cikin jimlar tambaya, rumbu zai ɗauki hamzar a matsayin ƙarshen rubutu, ragowar kalmar kuma ta zame masa surutun da bai gane ba. Da na nemi 'ya'ya, amsar da na samu ita ce near "ya": syntax error.

Wasu kan magance wannan ta hanyar cire hamzar daga kalmomin, wanda ɓarna ce ga ƙa'idar rubutu. Sahihiyar hanya ita ce a bar gurbi da alamar tambaya a cikin jimlar, a miƙa wa laburare kalmar a gefe:

haɗi.execute("SELECT * FROM kalmomi WHERE kalma = ?", (kalma,))

Ta haka kalmar ba ta shiga jimlar ko kaɗan, don haka babu alamar da za ta karya ta. Har ila yau wannan ita ce kariya daga masu kutse da kan rubuta umarnin gogewa a wurin da aka tanada don neman kalma. A lura da ɗan waƙafin da ke bayan kalma a misalin nan. Idan aka manta da shi, Python zai ɗauki kowane harafi a matsayin abu mai zaman kansa, sai a ga saƙon "Incorrect number of bindings supplied", yana cewa gurbi 1 ne amma an kawo abu 4, idan kalmar ƙasa ce aka nema.

Haruffan da Suka Rikiɗe

Kwamfuta lamba ta sani, don haka kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode. Harafin k lambarsa 107, ƙ kuwa 409; b 98 ne, ɓ kuwa 595; ɗ kuma 599. Tsarin da aka fi amfani da shi wajen ajiye waɗannan lambobi shi ne UTF-8, inda haruffan Ingilishi ke cin ma'auni ɗaya, masu ƙugiya kuma biyu. SQLite da laburarensa suna riƙe waɗannan haruffa ba tare da matsala ba. Ɓarnar takan faru ne a bakin ƙofa, wato lokacin da ake karanto fayil ɗin da za a zuba.

Alamomin iri biyu ne, kuma ya kamata a bambance su. Idan aka ga Æ™ a maimakon ƙ, ko É“ a maimakon ɓ, ko É— a maimakon ɗ, to fayil ɗin lafiyarsa lau, an karanta shi ne da tsohon tsarin Windows na yammacin Turai mai suna cp1252, wanda ya ɗauki ma'auni biyun nan a matsayin haruffa biyu. Maganin shi ne a rubuta encoding="utf-8" duk lokacin da za a buɗe fayil. Amma idan alamar tambaya aka gani, kamar ?asa ko ?aki, to harafin ya mutu tun wurin ajiya, babu umarnin da zai dawo da shi. Wannan yakan faru idan aka adana takardar Excel a matsayin CSV na gama-gari. Dole a koma takardar ta asali a zaɓi CSV UTF-8. Shi kuma wannan yakan sa wata ɓoyayyiyar alama a farkon fayil wadda takan manne wa sunan gurbin farko, don haka a buɗe shi da utf-8-sig.

Akwai kuma gadon da muka ci daga shekarun baya. Kafin Unicode ya yaɗu, masu buga Hausa da yawa sun yi amfani da wasu zanen haruffa na musamman, inda ake danna q ya fito da siffar ƙ, x ya fito da ɗ, v ya fito da ɓ. A ido daidai ne, amma a cikin kwamfuta q da x da v ne. Duk wanda ya kwafo tsohon kundi ya zuba a rumbu zai ga qasa da xaki da varawo. Sai an musanya su kafin a zuba, tare da kula da sunayen baƙi da kalmomin Turanci da ke cikin rubutun.

Kalmar Tana Nan, Amma Ba a Ganinta

Wannan matsala ta fi sauran haɗari, domin babu saƙon kuskure. Amsa ce kawai take zuwa a tauye, ɗalibi kuma ya gina nazarinsa a kanta. Dalilanta uku ne.

Na farko, babban baƙi da ƙarami. Umarnin LIKE ba ya bambanta Kafa da kafa, amma wannan sassauci ya tsaya ne ga haruffan Ingilishi kaɗai. A wurinsa Ƙ da ƙ haruffa ne biyu da ba su san juna ba, saboda haka wanda ya nemi ƙafa ba zai sami Ƙafa da ke farkon jimla ba. Umarnan lower da upper na cikin SQLite su ma haka suke. Sai dai lower na Python ya san Ɓ da Ɗ da Ƙ. Abin da na yi shi ne na ƙara gurbi na musamman don nema, inda nake ajiye kowace kalma bayan Python ya mayar da ita ƙananan baƙaƙe, in kuma yi wa abin da ake nema haka kafin in miƙa shi.

Na biyu, hamza kala-kala ce. Akwai miƙaƙƙiya ta kan allon dannawa, akwai lanƙwasasshiya wadda Microsoft Word yake musanyawa da kansa, akwai kuma ta uku da Unicode ya ware a matsayin harafi. A ido kusan ɗaya suke, amma lambobinsu dabam-dabam ne. Ga kuma bambancin ƙa'ida: abin da muke rubutawa 'y a Nijeriya, a Nijar ƴ ake rubutawa. Wanda ya haɗa matani daga ƙasashen biyu zai tarar 'ya'ya da ƴaƴa sun zama kalmomi biyu. A zaɓi siga ɗaya a gurbin nema, a bar rubutun asali a nasa gurbin yadda aka same shi.

Na uku, alamomin karin sauti. Harafin à ana iya ajiye shi a matsayin harafi ɗaya, ko kuma a matsayin a da alamar faɗuwa a bayansa. Abokan karatunmu masu nazarin Yarbanci da Ibo sun fi mu shan wannan wahala, saboda ɗigon ƙasa da alamar sauti kan haɗu a wasali ɗaya. Python yana da unicodedata.normalize, wanda idan aka ba shi NFC yakan daidaita sigogin su zama ɗaya. A bi da kowace kalma ta cikinsa kafin ta shiga rumbu.

Gari da Gari

Da nake gina tebur, na sa dokar cewa kada kalma ta maimaitu, don gudun shigar da abu sau biyu. Ba a jima ba sai ga saƙon "UNIQUE constraint failed: kalmomi.kalma". Na riga na shigar da gari na zama, ina ƙoƙarin shigar da gari na tuwo. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, don haka kalmomi irin su gari da kai da fari suna da tagwaye masu kama ɗaya a rubuce. Laifin a nan na mai tsara tebur ne. Ya kamata kowane layi ya sami lambarsa ta kansa, dokar hana maimaici kuma ta hau kan haɗuwar rubutu da furuci da ajin kalma. Akwai umarnin INSERT OR IGNORE da ke kashe saƙon, amma a aikin ƙamus zai riƙa zubar da tagwayen ne a ɓoye.

Jerin Abacada

Idan aka ce wa SQLite ya jera kalmomi, da lambobin haruffa yake aiki. Sakamakon shi ne 'ya'ya ta zo kafin abinci, manyan baƙaƙe su riga ƙanana, masu ƙugiya kuma duk su koma bayan z. A can ma ba su jeru daidai ba, domin ƙ mai lamba 409 tana riga ɓ mai 595. A Hausa kuwa ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. Laburaren ya ba da damar a koya masa sabon jeri ta hanyar create_collation, amma hanyar tana da illa biyu. Tana da nawa, domin duk kwatanta kalma biyu sai an koma wa Python. Kuma idan aka gina tebur a kanta, wata manhajar da ba ta san jerin ba za ta ƙi aiki da shi. Na fi gamsuwa da ƙara gurbin jeri, inda ake ba kowane harafi lamba mai gida biyu bisa matsayinsa a abacadar Hausa, a lissafa sau ɗaya lokacin shigarwa. A nan ne kuma ɗalibi zai yanke hukunci a kan sh da ts, ko za su tsaya a matsayin haruffa masu zaman kansu ko za su bi s da t. Wannan hukunci ne na masanin harshe, kuma ya kamata a bayyana shi a gabatarwar aikin.

Rumbu a Kulle

Saƙon "database is locked" yana nufin wani yana riƙe da alƙalami. SQLite yana barin masu karatu da yawa, amma mai rubutu ɗaya tak a lokaci guda. Laburaren yakan jira daƙiƙa 5, idan ba a saki ba sai ya haƙura ya sanar. Sau da yawa mai riƙewar ɗalibin ne da kansa: ya buɗe fayil ɗin a DB Browser for SQLite ya yi gyara bai danna maɓallin adanawa ba, ko kuma wani tsohon aiki da bai sallama ba yana nan a buɗe. A rufe su, kulle zai saki. Idan kuwa da gaske manhaja biyu ne ke aiki tare, ana iya ƙara lokacin jira da timeout, a kuma kunna tsarin WAL da ya shigo a fitowa ta 3.7.0 a shekarar 2010, wanda ke barin masu karatu su ci gaba yayin da ake rubutu. Amma idan ɗalibai da yawa ne za su riƙa shigar da kalmomi daga kwamfutoci dabam-dabam a lokaci ɗaya, to aikin ya girmi SQLite, sai a koma PostgreSQL ko MySQL.

Matsalar Nawa

Nawa iri biyu ne, na zubawa da na nema. Na zubawa yakan samo asali daga wanda ya ji zafin mantuwa da commit, sai ya koma kiransa bayan kowace kalma. Kowace sallamawa tana tilasta wa kwamfuta ta tsaya har sai faifai ya tabbatar ya rubuta. Masu SQLite sun bayyana cewa yana iya shigar da layi 50,000 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, amma a kan faifai mai juyawa sau 7,200 a minti, sallamawa ba ta wuce kimanin 60 a daƙiƙa. Mu ɗauki ƙamusun Bargery na 1934 mai kalmomi kimanin 39,000. Idan aka sallama kowace kalma ita kaɗai a irin wannan faifai, za a shafe wajen minti 11. Idan aka haɗa su a zama ɗaya, 'yan daƙiƙoƙi sun isa. Faifan zamani marasa juyawa sun rage tazarar, amma ba su kawar da ita ba. Saboda haka a tara layukan, a miƙa su da executemany, a sallama sau ɗaya.

Nawan nema kuwa rashin fihirisa ne yake kawo shi. Idan babu fihirisa, rumbu yana bin tebur layi-layi tun daga farko, kamar mai neman kalma a littafin da ba a jera ba. A tebur mai layi dubu kaɗan ba a jin wannan. Ana jinsa ne idan aka ɗauki matani mai kalmomi dubbai ana neman kowace a ƙamus, domin kowace kalma sai an zagaye tebur gaba ɗaya. Da fihirisa kuwa, rumbu yana yin abin da muke yi da ƙamus: ya buɗe tsakiya, ya watsar da rabi, ya sake rabawa. Ta wannan hanya kalma ɗaya cikin 39,000 ba ta wuce rabawa 16. Layi ɗaya ne yake samar da ita:

CREATE INDEX fihirisar_nema ON kalmomi(nema)

Don a tabbatar ana amfani da ita, a sa EXPLAIN QUERY PLAN a gaban tambayar. Idan amsar ta ce SCAN, ana bin layi-layi ne. Idan ta ce SEARCH tare da sunan fihirisar, an dace. Kada kuma a sa wa kowane gurbi fihirisa, domin kowace tana ƙara nauyin fayil, tana kuma rage saurin zubawa.

Mu masu nazarin ginin kalma muna da wata buƙata ta daban, wato neman ɗafa-ƙeya. Fihirisa da farkon kalma take aiki, don haka tambayar da ke neman duk abin da ya ƙare da -una ko -anci ba ta amfana da ita. Dabarar ita ce a ajiye kowace kalma a juye a wani gurbi, tuluna ta zama anulut, a sa wa gurbin fihirisa, a nemi masu farawa da anu ta amfani da GLOB. Ƙarshen kalma ya zama farkonta ke nan. Wanda kuma yake neman kalma a cikin dogayen matani, kamar labarai ko hirarraki, ya yi amfani da FTS5, amma ya sanar da shi ta tokenchars cewa hamza harafi ce, in ba haka ba zai raba sana'a gida biyu.

Ƙananan abubuwa biyu sun rage. Buɗe haɗi da rufe shi a kan kowace tambaya ɓata lokaci ne. A buɗe sau ɗaya a yi aiki da shi. Haka kuma fetchall yana kwaso duk amsa ya jibge a ƙwaƙwalwar kwamfuta, abin da kan sa ƙaramar kwamfuta ta sandare idan matanin babba ne. Gara a riƙa karɓar layukan ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaukewar Wuta da Ajiyar Kwafi

An gina SQLite yadda idan wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu, zai koma matsayinsa na sallamawar ƙarshe. Yana yin haka ne da taimakon wasu ƙananan fayiloli da ke bayyana kusa da babban, masu ƙarewa da -journal ko -wal. Kada a goge su da sunan shara, kada kuma a kwafi babban fayil zuwa filashi alhali ana aiki da shi, domin ana iya tafiya da kwafin da bai cika ba. A rufe komai tukuna, ko a yi amfani da backup da laburaren ya samu tun Python 3.7 a shekarar 2018. Idan aka ga saƙon "database disk image is malformed", fayil ɗin ya sami rauni. PRAGMA integrity_check zai nuna girman ɓarnar, amma tsohon kwafi shi ne magani mafi tabbas.

Kammalawa

Wannan maƙala ta kawo matsalolin da suka shafi fayil da sallamawa da kulle, da waɗanda suka shafi hamza da haruffa masu ƙugiya da jerin abacada, sannan ta duba dalilan nawa. Shawarata ga duk wanda zai fara irin wannan aiki ita ce, kafin ya zuba kalmominsa duka, ya yi gwaji da 'yan kaɗan da aka zaɓa da gangan: baki da baƙi, Ƙasa da ƙasa, 'ya'ya da ƴaƴa, sana'a, gari da gari, shanu da sanyi, tsuntsu da tulu. Ya shigar da su, ya rufe, ya sake buɗewa, ya neme su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma sa a jera su. Idan duk suka dawo yadda ya zuba su, a kuma jerin da ya dace, to ya ci gaba da zuba sauran. Idan ɗaya ta ɓace ko ta rikiɗe, gara ya gano tun kalmomin ba su wuce goma sha ba, kafin malami ya gano a ranar kare kundi.